Kwaɗi a bakin tafkin kifi: abin da halinsu ke gaya maka game da ruwanka

A farkon daminar bara wani dattijo daga cikin ƙungiyar masu kiwon kifi da nake zagayawa a Zawaciki ya kira ni tun kafin rana ta fito. Da na isa, na tarar da tarwaɗarsa ta wata biyu a tsattsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, waɗansu kuma sun riga sun juya ciki. Na tambaye shi inda ya jawo ruwa. Ya nuna min wani kududdufi a gangaren gonarsa, inda ruwan sama ke taruwa. Muna zuwa bakinsa sai ga matattun kwaɗi birjik, waɗansu har sun fara ruɓewa. Na ce, "Baba, yaushe waɗannan suka mutu?" Ya ce, "Shekaranjiya na gan su, Malam. Ni murna ma na yi, na ce Allah ya raba ni da ɓarayin 'ya'yan kifi."

Kwana biyu cur kwaɗin nan suna kwance suna yi masa gargaɗi, shi kuma ya kafa injin ya jawo ruwan da ya kashe su ya zuba wa kifinsa. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna a kan wannan magana, musamman ku da ke kiwo ko noman rani a kewayen Challawa da Sharada da Bompai.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki

Abu na farko da za ka riƙe ke nan. Kwaɗo ta fatarsa yake tsotsar ruwa, musamman fatar cikinsa da ta cinyoyinsa. Wani kaso na numfashinsa ma ta fatar yake yi. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, ba shi da gashi, ba shi da sulke irin na kunkuru. Don haka duk abin da ya narke a cikin ruwa, gishiri ne, maganin feshi ne ko sinadarin masana'anta, ƙofa a buɗe take gare shi zuwa jinin kwaɗo. Ƙwansa ma haka yake, ba shi da kwasfa, wani yauƙi ne kawai ya lulluɓe shi.

Tarwaɗa kuwa kun san ta da taurin rai. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Wannan juriyar tata ce ke yaudarar mai kiwo. Ruwa ya lalace, ita tana ta daurewa, ba za ka farga ba sai abin ya yi nisa. Sau da yawa kwaɗon bakin ruwa kan riga ta nuna alama.

Amma kada a ce malamin gona ya ce duk inda aka ga kwaɗo ruwan lafiyayye ne. A'a. Kwaɗon nan mai kaushin baya da ke shigowa tsakar gida yana iya zama a kwata mai ɗoyi ya yi ƙiba abinsa. Akwai kuma magungunan ƙwari da ke kashe kifi da ɗan kaɗan ƙwarai. Ganin kwaɗo da rai ba shaidar tsabtar ruwa ba ce. Ganinsu a mace da yawa a wuri ɗaya, ko ganin halinsu ya sauya, shi ne abin da ba a wucewa a kyale.

Lafiyayye da marar lafiya

A Turai da Amurka akwai masu ajiye kwaɗi a akwatin gilashi a cikin ɗaki, kamar yadda mu muke ajiye tattabaru ko aku, har su kai su wurin likitan dabbobi. Abin dariya ne a wurinmu, amma ta wannan hanya an tattara sani mai yawa a kan cututtukan kwaɗi, kuma alamomin da suke dubawa su ne za ka duba a bakin tafkinka.

Lafiyayyen kwaɗo matsoraci ne. Kana matsowa zai yi tsalle ya faɗa ruwa, ya nutse. Da rana yana laɓe, da dare yake farauta da kuka. Idonsa tar, fatarsa da laima. Idan ka kifar da shi a bayansa nan take zai juyo. Yana saɓa lokaci-lokaci, ya kuma haɗiye saɓar, wannan ba cuta ba ce. Kumburin da mai kaushin baya ke yi idan an tsokane shi ma ba cuta ba ce, barazana ce yake yi wa maciji da makamantansa.

Wanda za ka tsaya ka duba shi ne wanda ka samu a fili da tsakar rana, ka taɓa shi da sanda bai motsa ba, ko ka kifar da shi ya kasa juyowa. Haka wanda ke miƙar da ƙafafunsa na baya suna karkarwa kamar mai farfaɗiya, ko wanda ke iyo yana zagaye wuri ɗaya. Irin wannan fizge-fizgen galibi guba ce, kuma idan gubar ce za ka ga abin ya same su da yawa a lokaci ɗaya, manya da ƙanana, wani lokaci har da ƙwarin ruwa da katantanwa. Idan kuma ka ga kwaɗi suna ta rububin fita daga ruwan da suka saba zama, suna hawa gaɓa da rana tsaka, ruwan ne ke ƙona musu fata.

Cuta kuwa tafiyarta daban. Ɗaya-ɗaya take ɗaukarsu, cikin kwanaki. Wadda aka fi sani ita ce ta jan cinya: ka juya kwaɗon ka ga cinyoyinsa da ƙasan cikinsa sun yi ja kamar an murza musu barkono, wani lokaci da gyambo, jiki a kumbure da ruwa, ido ya yi hazo. Daga cikin ƙwayoyin cutar da ke kawo wannan akwai wata bakteriya da ake kira Aeromonas. Ka riƙe sunan nan, domin ita ɗin ce dai ke sa wa tarwaɗa jan tabo a jiki, da gyambo, da kumburin ciki, da zubewar gashin baki da wutsiya. Ƙwayar tana nan a kusan kowane ruwa, ba kwaɗo ne ya ƙirƙiro ta ba. Tana samun galaba ne idan ruwa ya ƙazantu da ragowar abinci da kashi, ko dabba ta galabaita da cunkoso ko sanyi. Ma'ana, idan ka ga kwaɗi masu jan cinya a magudanar da kake zubar da ruwan tankinka, to kifinka ma a kan layi yake.

Akwai wata cutar fatar kwaɗi ta fumfuna da masana suka ba wa suna a 1999, wadda ta yi wa kwaɗi mummunar ɓarna a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya. Wani babban bincike da aka fitar a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'in kwaɗi da danginsu kusan 500, daga ciki ana jin 90 sun ƙare ƙaf. Ta fi ƙarfi a wurare masu sanyi da laima kamar kan duwatsu, kuma ba cutar kifi ba ce, don haka ba ita ce damuwar mai kiwo a Kumbotso ba. Na ambace ta ne don ka ga yadda fatar kwaɗo take: da ta lalace, shi ke nan.

Ina ruwanka ya biyo?

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Kano gari ne na fata tun kaka da kakanni. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanonin zamani kuwa da sinadarai suke aiki: gishiri mai yawa don adana ɗanyar fata, farar ƙasa da sinadarin salfaid don cire gashi, sannan gishirin kuromiyom don jimar kanta. Ga kuma rini da sauran sinadaran masaƙu da na kamfanonin robobi da na abinci. Ba duk dagwalon nan ne ake tacewa yadda ya kamata kafin a sake shi ba, kuma wannan ba sirri ba ne, an daɗe ana rubutu da ƙorafi a kansa.

Ka san hanyar da yake bi. Na Sharada yana gangarowa ta rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na rukunin masana'antun Challawa shi ma kogin yake nufa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, har zuwa dam ɗin Wasai. A duk tsawon hanyoyin nan akwai masu lambu da masu kifi. Mu nan Zawaciki da Panshekara muna maƙwabtaka da rukunin Challawa, ga gine-gine da manyan motoci sun ƙaru tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, kuma kowane sabon gini yana sauya inda ruwan sama ke bi. Kududdufin da ka sani shekara goma yana tara ruwan gona zalla, bana yana iya tara na kwalbati.

Lokaci biyu ne suka fi haɗari. Na farko tsakiyar bazara, sa'ad da rafi ya ja baya, babu ruwan da zai sirka dagwalon, sai ya yi kauri. Na biyu ruwan farko da na biyu na damina. Duk abin da ya bushe ya daskare a magudanai tsawon rani, ruwan farko ne ke wanko shi gaba ɗaya. Kuma daidai lokacin ne kwaɗi ke fitowa daga maɓoyarsu su yi ƙwai, shi ya sa a lokacin ake ganin gawarwakinsu. Abin da ya sami dattijon nan ke nan. Ni shawarata, kada ka ɗebi ruwan kududdufi ko na rafi ka zuba wa kifi sai an yi ruwa mai ƙarfi sau uku ko huɗu.

Hancinka da idonka ma ma'aikata ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai salfaid ne. Ruwa mai launin shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko baƙi, ko ja, ko mai kumfar da ba ta kwantawa, ko mai santsi a hannu kamar an jiƙa sabulu, duk ka nisance shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai gaskiya guda, ba kowace mutuwar kwaɗi ce laifin kamfani ba. Mu ma manoma muna da namu. Wanda ya gama feshin tumatir ko na shinkafa ya wanke goyonsa a bakin ruwa, ya jefar da kwalbar a ciki, shi ma ya zuba guba. Magungunan ƙwari irin su sifametirin suna da mugun ƙarfi a kan kifi, waɗansu magungunan ciyawa kuma suna kashe 'ya'yan kwaɗi. Kafin ka nuna wa bututun masana'anta yatsa, ka tambayi maƙwabcinka na sama abin da ya fesa jiya.

Gwajin bokiti

Wannan ba ya cin kuɗi, kuma ina so kowace ƙungiya ta mayar da shi al'ada. Ka samu bokiti biyu masu tsabta, waɗanda ba a taɓa dama magani ko omo a ciki ba. Ɗaya ka cika shi da ruwan da kake shakka, ɗayan da ruwan da kifinka ke ciki lafiya. Ka bar su a inuwa awa ɗaya ko biyu zafinsu ya daidaita. Ka sa 'ya'yan kifi biyar masu tsawon yatsa a kowanne, ka rufe da raga, kada ka ba su abinci. Ka riƙa leƙawa har kwana biyu. Idan na sabon ruwan suka fara haukan iyo, ko tsayuwa a sama, ko fitar da yauƙi mai yawa, ko mutuwa, alhali na ɗaya bokitin suna lafiya, ka sami amsarka da asarar kifi biyar maimakon dubu.

Bokiti na biyun nan kada ka raina shi. In babu shi, ba za ka san ko ruwan ne ya kashe su ko dama can kifin ba su da lafiya ba.

Amma gwajin yana da iyaka. Gubar da ke kisa nan take yake kamawa. Kuromiyom da dalma da makamantansu suna iya kasancewa kaɗan-kaɗan, kifi ya rayu, ya girma, amma suna taruwa a laka da kuma hantarsa da ƙodarsa da kunnuwansa, daga nan su wuce cikin mai ci. Wannan sai ɗakin gwaji. Manomi ɗaya zai ji nauyin kuɗin, amma ƙungiya mai mutum ashirin ba za ta ji ba. Ku haɗa kuɗi ku kai ruwan rijiyoyinku da burtsatsenku a auna ko da sau ɗaya a rani sau ɗaya a damina. Jami'ar Bayero na da sassan da ke irin wannan aiki, malamin gonarku zai iya haɗa ku da inda ya dace. Ku kuma sayi takardar auna tsamin ruwa, wadda ake kira ta pH. Tarwaɗa ta fi son tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan da farar ƙasar majema ta shiga yakan haura wannan sosai.

Masu amfani da ruwan famfo, ku tuna da kulorin. Ku tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu kafin ku zuba wa 'ya'yan kifi.

To, ɓarayin fa?

Dattijon bai yi ƙarya ba, kwaɗo ɓarawo ne a wurin mai ƙyanƙyasa. Babban kwaɗon ruwan nan da ake kira burduddugi duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake, har da 'ya'yan kifi. 'Ya'yansa ma masu wutsiya mafarauta ne, suna cin ƙananan halittun ruwa. 'Ya'yan mai kaushin baya kuwa, baƙaƙen nan ƙanana da ke tafiya gungu-gungu, ba su cika kama kifi ba, amma suna cinye garin abincin da ka saya da tsada, su ƙara cunkoso. Idan tarwaɗa ta girma labarin ya juye, ita ce ke cin kwaɗon. Don haka matsalar ta makonnin farko ce, a tafkin reno.

Maganinta shinge ne, ba guba ba. Ka kewaye tafkin da raga mai ƙananan ido ko leda mai kauri ko tsohon kwano, tsayinsa ya kai gwiwa ko ya ɗan fi, ka binne gindinsa kamar taƙi ɗaya a ƙasa don kada su kutsa. Ka sa raga a bakin bututun shigar ruwa. Ka nome ciyawar gefe. Kowace safiya ka zagaya da ƙaramar koma ka kwashe ƙwan da aka yi da dare: na mai kaushin baya kamar dogon zaren carbi yake, baƙaƙen ɗigo a cikin yauƙi, na sauran kuma a warwatse ko a dunƙule. Kafin zuba sabbin 'ya'ya, ka zubar da ruwan tafkin ƙasa, ka bar shi ya bushe har ya tsattsage, ka barbaɗa farar ƙasa, sannan kada ka bar shi cike da ruwa makonni babu kifi, domin gayyata ce ka aika wa kwaɗi.

Abin da nake roƙonku da girman Allah ku bari shi ne zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a bakin tafki don kashe kwaɗi. Na ga wanda ya yi, ruwan sama ya wanke maganin ya shigar masa da shi cikin kifi a daren. Ban da haka ma, kwaɗin da ke cikin lambunka ma'aikata ne da ba ka biya, dare ɗaya suna cin fara da gyare da tsutsa da gina mai yawa. A waje da shinge ka bar su su yi aikinsu, su kuma ci gaba da yi maka gadin ruwa.

Ranar da abin ya faru

Idan ka wayi gari ka ga matattun kwaɗi a inda kake ɗiban ruwa, ka kashe injin tukuna. Idan ruwan ya riga ya shiga tanki, ka dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, domin kifin da ke cikin wahala ba ya narkar da abinci, ragowar kuma amoniya take zama ta ƙara dagula ruwan. Ka rage ruwan ka maye shi da na rijiya ko burtsatsen da ka amince da shi, rabi-rabi, ba gaba ɗaya a tashi guda ba, musamman da hunturu da bambancin sanyi kaɗai ke iya kayar da kifi. Gishirin girki kilo 1 zuwa 2 a lita 1,000 yana rage wa tarwaɗa galabaita, amma ba ya cire guba, ruwa mai tsabta ne kawai ke yin wannan.

Kada ka garzaya kemis ka sayo kafso ka juye. Idan guba ce, maganin ƙwayar cuta ba abin da zai yi sai cin kuɗinka. Idan kuma cutar jan tabo ce, sai an gyara ruwa maganin zai yi aiki, kuma likitan dabbobi ne zai faɗa maka wanne, nawa, da kwanakin da za ka jira kafin ka sayar. Yawan zuba magani barkatai shi ke sa ƙwayoyin cutar su daina jin sa.

Matattun kwaɗi da kifi ka kwashe su da leda a hannu, ka binne su da zurfi nesa da rijiya. Kada ka jefa wa kaji ko agwagi, kada ka mayar wa manyan tarwaɗa. Akwai masu kama burduddugi su ƙyafe su kai kasuwa, har kudancin ƙasar nan ake kai shi, sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Gare su da masu ƙyafe kifi duka: abin da aka tsinta a mace a bakin ruwan dagwalo ba na sayarwa ba ne, hayaƙi ba ya ƙona kuromiyom. Yara kuma da ke wasa da kwaɗi a sa su wanke hannu da sabulu, saboda kwaɗo na iya ɗauke da ƙwayar cutar gudawa, ruwan fatar mai kaushin baya kuma yana da zafi a ido.

Kafin ruwan ya wuce, ka ɗebi lita ɗaya a sabuwar gorar ruwa, ka ɗauraye ta da ruwan wurin sau uku, ka cika ta taf, ka rubuta rana da lokaci da wuri a jiki, ka ajiye a sanyi. Ka ɗauki hoton kwaɗin da launin ruwan a wayarka. Shugaban ƙungiya ya rubuta a littafi, tare da sunayen waɗanda abin ya shafa da adadin kifin da kowa ya rasa. Da waɗannan za ku je Ma'aikatar Muhalli ta jiha ko ofishin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don sa ido a kan irin wannan, kuma ku je a ƙungiyance da takarda a hannu, ku karɓo shaidar cewa an amshi ƙorafinku.

Dattijon namu ya tsira da kusan rabin kifinsa, don maƙwabcinsa ya ba shi ruwan burtsatse a ranar. Bana ya yi shinge, ya daina ɗiba daga kududdufin, kuma jikansa ne aka ɗora wa aikin zagaya bakin ruwan kowace safiya kafin ya tafi makaranta, ya dawo ya faɗi abin da ya gani.